Daren da Na Ci Musu

A da, a majalisarmu ta ƙofar shagon wani tela, Aflaɗon ake ce mini, wato sunan wani shahararren masanin falsafa na Girka. Da tsokana aka fara, daga baya sunan ya bi ni har makarantar da nake koyarwa, kuma ba zan ɓoye ba, daɗinsa nake ji. Yanzu na haura shekara 60, na yi ritaya, gemu ya yi fari, rabin waɗanda suka laƙaba mini sunan sun riga mu gidan gaskiya. Abin da zan faɗa a nan, in ka cire iyalina, bai fi mutum biyu suka sani ba. Na nemi izinin uwargidana kafin in rubuta. Ta ce in rubuta, amma kada in wanke kaina a ciki.

An haife ni a cikin birnin Kano a 1962. Mahaifina baduku ne, yana ɗinka jaka da takalmi da kuben wuƙa yana kaiwa Kurmi. Da na sauke Alƙur'ani sai ya damƙa ni ga wani amininsa, malamin zaure, wanda har ya bar duniya ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Malam. A gabansa na karanta Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya, na shiga Risala. Malam ba shi da albashin kowa. Hula yake ɗinkawa, allura na hannunsa yana fassara mana baƙi, ko kallon littafin ba ya yi.

Ina ɗan shekara 13, wani dare muna cin tuwo, na tambayi Baba: idan Allah ya riga ya rubuta wanda zai shiga wuta tun kafin a haife shi, to laifin me mutumin ya yi? Amsar da na samu mari ce, irin wanda sai da na ga taurari. Washegari, da yake ba na jin bari, na kai wa Malam tambayar. Ya ajiye hular, ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Tambayarka tambaya ce. Manya sun yi ta tun ba a haifi kakanka ba. Amma kaya ne da ya fi ƙarfin wuyanka yanzu. Ajiye ta a zauren nan, in ka girma ka dawo ka ɗauka." Na tashi ina cewa a raina tsohon nan bai san amsa ba ne, shi ya sa ya kore ni da dabara.

A 1983 na shiga jami'a ina karanta Larabci da addinin Musulunci. A shekara ta biyu aka yi mana darasin falsafa, zango ɗaya tak, amma shi ya juya mini kai. A nan na fara jin sunan Alkindi na Bagadaza, da Farabi, da Ibn Sina. Na ji yadda Imamu Gazali ya zauna ya karanci masana falsafa har ya fi wasunsu sanin maganarsu, sannan ya rubuta littafi ya yi musu raddi a mas'aloli 20, ya kafirta su a uku. Na ji yadda Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba, ya zo daga baya ya bi littafin Gazali gaɓa-gaɓa yana mayar da martani. Kuma wai wannan Ibn Rushd ɗin shi ne dai Bamalikin da ya rubuta Bidayatul Mujtahid, littafin da nake gani a tarin littattafan malamanmu ana girmama shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ashe abin na gida ne. Mai Ahalarin nan da kowane yaro yake koyon tsarki da salla a cikinsa, shi ne ya yi waƙen Sullam a ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja. A ciki ma ya kawo saɓanin malamai: Ibnus Salahi da Nawawi sun haramta karanta shi, wasu suka ce ya kamata a sani, shi kuwa ya zaɓi cewa ya halatta ga mai cikakkiyar basira wanda ya san Littafi da Sunna. Ban ɓata lokaci ba na sa kaina a sahun masu cikakkiyar basira. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar yana kare manɗiƙi. Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Khadija, wanda aka haifa a 1804, ya zauna a Salame ya yi rubuce-rubuce a kan hikima da asalin halitta. Duk wanda ya ce mini falsafa kayan Turawa ce ko hanyar kafirci, da waɗannan sunaye nake rufe masa baki.

Rufe baki kuwa shi ne sana'ata. Lokacin Kano cike take da musu: 'yan Izala da 'yan ɗariƙa, ƙabalu da sadalu, 'yan bokon da suka sha Markisanci, daga baya ga rigimar zaɓen 12 ga Yuni na 1993. Ni ba ni da ɓangare. Duk wanda ya fi ɗaga murya a daren, shi nake sa wa ido. Dabarata ɗaya ce, kuma a wajen Suƙuraɗu na aro ta, wanda 'yan boko ke ce wa Sokratis, mutumin Atina da aka yanke wa hukuncin shan guba shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai in lallaɓa in ce wa mutum, "Alhaji, ni jahili ne, a taimaka mini, me kake nufi da adalci?" Ya faɗa. In kawo misali ɗaya da ya rusa ma'anar. Ya gyara. In kawo wani. Kafin zagaye na huɗu gumi ya karyo masa, majalisa ta ɗauki shewa, mai shayi ya ƙara mini madara kyauta.

Suƙuraɗu ɗan ungozoma ne, kuma ya ce sana'ar uwarsa ya gada, sai dai shi tunanin da ke cikin mutum yake taimaka a haifa. Ya kuma ce abin da ya fi sauran mutane da shi, shi ba ya riya cewa ya san abin da bai sani ba. Na karanta wannan duka, na ci jarrabawa a kansa. Amma wuƙar kawai na ɗauka. Ni mahauci ne a majalisar nan, ban taɓa karɓar haihuwar kowa ba. Akwai wani dattijo mai sayar da goro da na kunyata a gaban 'ya'yan cikinsa, bai ƙara zama da mu ba, kuma a lokacin na lissafa hakan cikin nasarori.

Na yi aure a 1988. A 1990 Allah ya ba mu 'ya mace. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce, kuma duk bokon da na yi ban iya kiran sunan nan a gaban mutane ba. Bisa al'ada bayan yaye kakarta za ta ɗauke ta, ni na hana, na ce 'yata a gabana za ta tashi. Yarinya ce mai surutu. Ita ma tambaya gare ta kamar ubanta: ina rana take kwana, me ya sa akuya ba ta salla. Uwarta a gaban mutane ko kallonta ba ta cika yi ba, saboda kunya, amma na sha farkawa tsakar dare in tarar tana yi mata fifita.

Sai shekarar sanƙarau, 1996. Wanda ya yi wayo a lokacin ba ya bukatar a tuna masa. Ƙaramar salla ta wuce da 'yan makonni, zafi ya sauko, iska ta bushe, cutar ta shiga unguwanni, ga ƙyanda ga amai da gudawa a tare da ita. Daga baya aka ƙidaya sama da mutum 100,000 da suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka mutu, har Saudiyya ta hana alhazanmu shiga a shekarar. Rediyo kullum tana faɗa: zazzabi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare, a garzaya asibiti, kada a kwana a cunkushe. Na ji sanarwar nan ya fi a ƙirga. Ni da kaina na maimaita wa ɗalibai ita a aji.

Daren wata Talata bayan isha'i ina majalisa, musu ya yi zafi, sai ga almajirin gidanmu ya durƙusa a gefena. "Malam, an ce ka zo, jikin yarinya ya yi zafi." Na ce ya je ya ce a ba ta maganin zazzabin da ke kan taga, ina zuwa. Can an jima ya dawo. "Malam, an ce tana amai, tana cewa kanta." Na ce na ji, na ce ina zuwa, ko ba ya jin Hausa ne? A raina na ce zazzabin sauro ne, ga man babur ɗina saura kaɗan, ga layin gidan mai, gara a bari gari ya waye.

Shekara kusan 30 ke nan ina ƙoƙarin tuna a kan me muke musu a daren nan, na kasa. Abin da na tuna shi ne ni na ci.

Na shiga gida wajen ƙarfe 12. An ɗauke wuta, fitilar ƙwai na ci a ɗaki, yarinyar ta yi lamo a cinyar uwarta. Na taɓa goshinta na ce ai ga shi ta samu barci. Uwargida ba ta ce komai ba. Da asuba da na ɗago ta, kanta ya ƙi lanƙwasuwa, ta ƙwalla ƙara da haske ya taɓa idonta. Man da na ce ba zai isa ba, shi ya kai mu asibiti har ya dawo da ni.

Asibitin ya cika ya batse. Marasa lafiya a baranda, wasu a tabarma ƙarƙashin darbejiya, robar ƙarin ruwa a rataye a reshe. Ma'aikatan nan sun yi iya ƙoƙarinsu, wata nas na ga tana tafe tana gyangyaɗi. Aka yi mata allura, aka sa mata ruwa. Ranar Alhamis bayan la'asar ta cika. Ni na ɗauke ta a hannu, naɗe a tabarma, har makabarta, kuma nauyinta bai kai na littattafan da nake ɗaurawa a bayan babur ba.

Mutane suka yi ta zuwa. Ya haƙuri, Allah ya sa mai ceto ce, kwana ne ya ƙare, wanda ya ba ku shi ya karɓi abinsa. Ina amsawa. A cikin gida kuwa wata gwaggon uwargida ta ja ta gefe ta ce, "Ke, 'yar fari ce fa, kada ki ba mu kunya." Haka ta zauna cikin mata ido a bushe tana amsa gaisuwa. Mutuwar ɗan fari a wajen macen Bahaushe ciwo biyu ne: ga rashin, ga kuma hana ta nuna shi.

Bayan sadakar bakwai, da dare, na zaunar da ita na yi mata abin da na fi iyawa. Wannan shi ne wurin da na fi jin kunyar rubutawa, ya fi mini zaman majalisar ma ciwo. Na kawo mata mas'alar Gazali ta wuta da auduga. Na ce mata, in an kusanta auduga da wuta ta ƙone, abin da idonmu ya gani shi ne ƙuna ta faru a lokacin haɗuwarsu, amma ido bai ga cewa wutar ce ta aikata ba, Allah ne yake halittar ƙunar. Haka ciwo ba ya kashewa, magani ba ya warkarwa, sa'a ɗaya ko sa'a goma ba su ƙara wa wanda ajalinsa ya zo komai. Na kawo mata hadisin da ya hana cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", domin "da" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Na yi magana ta kai rabin sa'a, da Larabci da fassara. Da na gama ta ce, "Haka ne, Malam." Ta tashi ta rage fitila.

Shekara bakwai muka yi a kan wannan "haka ne". Ba faɗa, ba yaji, ba a taɓa jin kanmu ba. Tuwona ba ya latti, kayana a wanke a goge. Allah ya ƙara mana 'ya'ya. Abu ɗaya ne ya canja: ba ta ƙara aika yaro majalisa ya kira ni ba. In jikin wani ya yi zafi, ko ƙarfe nawa ne, sai ta goya shi ta yafa mayafi, ta ɗebi kuɗin adashinta ta fita neman mota. Sai na dawo in ji labari a bakin maƙwabta. Na lura da hakan sarai, na kuma ce wa kaina ai mace ce mai ƙoƙari, ta ɗauke mini nauyi.

Amma duk shekara in zafi ya sauko barci sai ya ƙaurace mini. In kwanta a tsakar gida in yi ta kallon sama har kiran assalatu. Na koma wa littattafai neman sauƙi. Alkindi yana da wata 'yar risala a kan dabarar kore baƙin ciki. A ciki ya ce duk abin da ke hannunmu aro ne, mai aro kuwa in ya aiko a ba shi kayansa ba abin fushi ba ne. Ya kwatanta mu da matafiya a jirgin ruwa da aka tsaya da su a wani tsibiri don biyan bukata: wasu suka gama suka koma da wuri suka samu wurin zama mai yalwa, wasu suka tsaya tsintar furanni da duwatsu masu ƙyalli, suka dawo a makare da kaya niƙi-niƙi, suka zauna a matse, furannin suka ruɓe a hannunsu. Magana ce mai kyau, har yau ina ganin kyanta. Na karanta ta ya fi sau goma ba ta yi mini komai ba, kamar mai shafa man zafi a kan ƙaya ba a cire ta ba. Alkindi yana rarrashin wanda aka yi wa rashi ne. Ni kuwa da wani abu bayan rashin, wanda ban yarda in kalla ba balle in kai wa mai magani.

A bazarar 2003 aka ce mini Malam ba shi da lafiya. Rabona da zaurensa an daɗe, sai gaisuwar salla. Na same shi a kan buzunsa, ido ya tafi, allura ta gagara, amma kai garau. Da ya ji muryata ya yi dariya ya ce, "Mai tambaya ne? Ajiyarka tana nan. Ka zo ɗauka ne?" Shekara 28 da maganar, bai manta ba.

Na ce ai Malam na daɗe da warware ta. Na gyara zama na zuba masa Ash'arawa da Mu'utazilawa, wato ɓangarori biyu na malaman tauhidi da suka yi saɓani a kan ƙaddara, na zuba masa wuta da auduga. Don in nuna masa ilimin ya yi amfani, har na ba shi labarin yadda na rarrashi iyalina da shi lokacin rasuwar yarinya. Yana saurare yana jan carbi. Da na yi shiru sai ya ce, "To madalla. Ni ban yi jami'a ba, a taimaka mini." Gabana ya faɗi, domin na san wannan shimfiɗar, ni nake yi wa mutane ita.

Ya ce, "Ka ce magani ba ya warkarwa. To da asubar me ya kai ka asibiti?"

Na ce ai an umarce mu da riƙo da sababi.

"Umarnin da asuba ya sauka, ko da ma yana nan tun bayan isha'i?"

Ban amsa ba. Ya ce in karanto masa hadisin "da" tun daga farkonsa. Na karanto: mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa a wurin Allah a kan mumini mai rauni, kuma kowanne da alherinsa, ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya, in kuma wani abu ya same ka, kada ka ce da na yi kaza. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Ka ga hadisi da kai da wutsiya. Wutsiyar ta wanda ya riƙe kan ce. Kai ka yanke kan ka jefar, ka kai wa baiwar Allah wutsiya ka ce ta yi miya."

Sannan ya tuna mini labarin Sayyidina Umar da ya nufi Sham, ya samu labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Umar ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. In kana da raƙuma ka sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ka kora su ba da ƙaddarar Allah ka kora ba? Malam ya ce, "Zamanka a majalisa ƙaddara ce. Da ka tashi, tashin ma ƙaddara ce. Ba a tambayar ka abin da aka rubuta a Lauhu, ba ka gani ba. Abin da yaro ya faɗa maka a kunne, shi ka ji."

Daga nan ya yi abin da har yau nake ganin shi ne falsafa mafi tsabta da na taɓa gani an yi a gabana, daga bakin mutumin da bai taɓa jin sunan Suƙuraɗu ba. Ya ce tambayoyi biyu na ƙulle a ƙulli ɗaya. Ta farko: da na tashi a kiran farko, da yarinyar ta rayu? Wannan, in ji shi, babu mahalukin da zai amsa mini, kuma ita ce hadisi ya hana ni bi, domin rami ce marar ƙasa. Gaskiyarsa ne. Na ga waɗanda aka kai da wuri suka mutu, na ga waɗanda aka kai a sanƙare suka tashi, wasunsu da kurumta. Ta biyu: da aka aiko ban tashi ba, na kyauta? Ya ce, "Wannan tana da amsa, kuma ka san ta tun a daren. Sai ka ɗaure ta a jikin 'yar'uwarta, don duk wanda ya taɓo ta ka ce masa gaibu ne."

Ni da na karanta Sullam, na koyar da yara bambancin hujja da ruɗu, ban ga wannan ƙullin ba, saboda ni na ƙulla shi. Kuma da ilimi na ƙulla shi. Jahili da ya yi abin da na yi, da tuni ya yi kuka ya ce na yi sakaci, an yafe masa an wuce wurin. Ni da na san Gazali sai na samu bango mai kauri na laɓe. Da na koma gida na sake buɗe littattafan, sai na ga ko Gazalin ƙarya na yi masa. A cikin mas'alar wuta da audugar kanta ya yi bayanin cewa Allah yana gudanar da al'amura bisa al'adar da ya saba, shi ya sa mai hankali ba ya barin littafi a ɗaki ya yi zaton zai dawo ya tarar ya zama doki. A littafinsa Ihya'u kuma ya sa ilimin likitanci cikin farillan da in al'umma ta bari gaba ɗaya ta yi laifi. Ibn Rushd ya ce wanda ya musanta sabubba ya musanta hankali. Su biyun sun yi saɓani mai zurfi a kan yadda wuta take ƙona auduga, amma da almajiri ya durƙusa a gefen kowannensu ya ce yarinya tana amai, babu wanda zai tsaya ƙarasa magana.

Shi kansa Gazali, a 1095, yana kan ganiyar ɗaukakarsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai ɗari uku a gabansa, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ne ke tafiyar da shi. Harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi wucewa, ya bar kujerar ya fita garin. Na koyar da wannan tarihin sau da yawa a matsayin abin da ake haddacewa don jarrabawa. Ban taɓa lura ba cewa tambayar da ta fi kowace wuya a rayuwarsa, kansa ya yi wa ita.

Tun daga ranar, in ɗalibi ya tambaye ni amfanin falsafa, ba na kawo masa jerin sunaye kamar da. Nakan ce ya kawo mini wata magana da yake yawan faɗa wa kansa, mu duba ta tare. Yawancinsu ba sa dawowa, kuma ban ga laifinsu ba. Majalisa kuwa ban daina zuwa ba, sai dai sunan Aflaɗon ya mutu da kansa, don an daina samun abin shewa a wurina. Dattijon nan mai goro na je nemansa, aka ce ya rasu shekara biyu da suka wuce.

Malam bai ga ƙarshen daminar shekarar ba, Allah ya jiƙansa. Amma kafin nan, kwana uku bayan zamanmu, na yi abin da ya rage. Kwana ukun nan ina ta tsara jawabi a kaina, da gabatarwa da hujjoji, sai na gane wata laccar nake shirin yi mata, na watsar.

Bayan isha'i ne, yara sun yi barci, an ɗauke wuta. Tana zaune a tsakar gida da faranti a cinya tana tsintar wake a hasken fitila. Na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Ta ɗago ta dube ni ta mayar da kai.

Na ce, "Uwargida, daren nan kin aiko mini sau biyu ban zo ba. Ba mai ne ya hana ni ba, ba komai ba ne, musu nake yi. Ban kyauta ba. Abin da na zo na faɗa miki bayan sadakar bakwai kuma, kaina nake karewa. Ki yafe mini."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ta daɗe ba ta ce komai ba, har na ɗauka ba za ta amsa ba.

Ta ce, "Sau uku ne, Malam."

Na ce biyu na sani.

Ta ce, "Na ukun ya je ya tarar kana tsaye kana magana ana tafa maka. Ya ji tsoro ya dawo. Ya ce mini Malam yana karatu."

Daga nan ta kira sunan yarinyar, cikakke, sunan da tun ranar suna ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce tana ta kiran Baba har wajen ƙarfe 11, sannan ta daina. Ta faɗi haka ta kifa kai a kan farantin, ta yi kukan da gwaggonta ta hana ta shekara bakwai da suka wuce. Waken ya zube a ƙasa. Ban ce mata ta yi haƙuri ba, ban kawo aya ba, ban kawo hadisi ba. Na zauna a wurin har ta gama.

Da ta share fuska da bakin zaninta sai ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta miƙo mini fitilar ta ce in haska mata. Na riƙe, muka durƙusa muna tsince waken daga cikin ƙasa.